BABI NA HUƊU: DABARUN GABATAR DA BAYANIN KASUWANCI DA TSARA SHAFUKAN MAJIGI A KAKURI

4.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an duba yadda 'yan kasuwa ke sarrafa harshe wajen talla da tayi da sallamawa a Kasuwar Monday ta Kakuri. A wannan babi kuwa za a duba wani nau'in maganar kasuwanci wanda bai daɗe da shigowa cikin al'ummar Hausawa ba, wato mutum ya tsaya gaban ma'aikatan banki ko masu zuba jari ko shugabannin wata hukuma, ya yi musu bayanin sana'arsa cikin ƙayyadadden lokaci, yana haska rubutu da hotuna a bango domin su gani da idonsu. Sau da yawa a kan wannan 'yar tsayuwa ta minti 10 ko 20 ake yanke shawarar ba shi jari ko hana shi.

Abin da babin ke son tabbatarwa shi ne, maganar mai bayani ita ce uwa a irin wannan zama, abin da aka haska a bango kuwa shaida ne kawai da ke tabbatar da ita. Duk wanda ya juya wannan tsari, ya mayar da bango mai magana shi kuma ya zama mai karanta masa, to ya raunana buƙatarsa da hannunsa. Za a fara da dalilin da ya sa batun ya shafi Kakuri, sannan a bi matakan shirya jawabi, da tsara shafuka, da zaɓen harshe, da kuma tsayuwa gaban jama'a.

4.1 Dalilin Zaɓen Kakuri

Kakuri unguwa ce a ƙaramar hukumar Kaduna ta Kudu, a ƙetaren kogin Kaduna, tana maƙwabtaka da Makera da Nasarawa da Barnawa. An san ta da masana'antu tun kafin samun 'yancin kai. A nan ne masaƙar KTL ta fara aiki a shekarar 1957, zamanin Firimiyan Jihar Arewa Sir Ahmadu Bello, bisa haɗin gwiwar gwamnatin Arewa da kamfanin David Whitehead na Ingila. A shekarun 1960 wasu masaƙun suka biyo baya a Kakuri da kewayenta, cikinsu har da Nortex da Arewa Textiles da UNTL wadda aka kafa a 1964. A wannan shekara ta 1964 ce kuma aka kafa DICON mai ƙera makaman soja, sannan a 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a unguwar.

A wancan zamani mai neman abin yi ba ya bukatar ya shawo kan kowa da dogon bayani. Abin da ake nema gare shi shi ne ƙarfi da ƙwarewa, idan wata ya ƙare ya karɓi albashinsa. Amma al'amura sun sauya. Masaƙar KTL ta rufe a 2002, Arewa Textiles ta bi sahu bayan 'yan shekaru, UNTL ma ta rufe a 2007, sai a 2010 ta sake buɗewa bayan gwamnatin tarayya ta ware asusun naira biliyan 100 domin farfaɗo da harkar auduga da saƙa da ɗinki, wanda aka danƙa wa Bankin Masana'antu. Daga cikin dalilan durƙushewar akwai ƙarancin wutar lantarki, da tsadar baƙin mai, da kwararowar atamfofin waje ta hanyar fasa-ƙwauri. Dubban ma'aikata suka rasa aiki, da yawa daga cikinsu da 'ya'yansu suka koma ƙananan sana'o'i irin su ɗinki da walda da kanikanci da kiwon kaji.

Mai ƙaramar sana'a kuwa ba ya girma sai da jari, hanyoyin samun jarin kuma kusan duk suna bukatar bayani. Akwai Bankin Masana'antu da aka kafa a 2001, da hukumar SMEDAN mai kula da ƙananan sana'o'i da aka kafa a 2003, da gasar YouWiN ta 2011 wadda aka gina a kan rubuta tsarin kasuwanci, da shirin gidauniyar Tony Elumelu da ya fara a 2015 yana ba matasa dala 5,000 a matsayin jarin somawa. Haka kuma a 2016 gwamnatin Jihar Kaduna ta fara taron masu zuba jari da ake kira KadInvest. Ashe ke nan ɗan Kakuri na yau yana bukatar wata ƙwarewa da mahaifinsa ma'aikacin masaƙa bai bukata ba, wato iya bayyana sana'arsa ga baƙon da ke riƙe da kuɗi.

4.2 Ma'anar Majigi da Asalinsa

Kalmar majigi ba baƙuwa ba ce a Hausa. An aro ta ne daga sunan Ingilishi na wata tsohuwar fitila mai haska hotuna a bango. Daga baya sunan ya koma kan sinimar tafi-da-gidanka da gwamnatin mulkin mallaka, da kuma gwamnatin Jihar Arewa bayanta, ke yawo da ita a mota zuwa garuruwa da ƙauyuka domin wayar da kan jama'a game da tsafta da noma da ayyukan hukuma. Abin lura a nan shi ne, a irin wannan majigi akan sami mai sharhi da ke riƙe da lasifika yana fassara wa jama'a abin da suke gani. Hoto yana bango, amma ma'ana tana fitowa daga bakin mutum.

A wannan babi an yi amfani da “majigi” da nufin na'urar da ke haska abin da ke cikin kwamfuta a bango ko a farin ƙyalle, an kuma yi amfani da “shafin majigi” da nufin kowace fuska guda da ake haskawa kafin a wuce zuwa ta gaba. Manhajar da aka fi shirya shafukan da ita ita ce PowerPoint, wadda Robert Gaskins da Dennis Austin suka ƙirƙira a wani ƙaramin kamfani mai suna Forethought a Amurka. Ta fito a 1987, a cikin shekarar kuma kamfanin Microsoft ya sayi Forethought a kan dala miliyan 14. Yanzu akwai wasu manhajojin irin su Google Slides da Canva, ana ma iya shirya shafukan a wayar hannu. Sauƙin shirya su ne ya jawo babbar matsalar da za a tattauna, domin mutum kan fara da cika shafuka tun bai tsayar da abin da zai faɗa ba.

4.3 Sanin Mai Sauraro

Matakin farko ba ya bukatar kwamfuta ko kaɗan. Mai bayani zai zauna ya amsa wa kansa tambaya biyu, wato wane ne zai saurare shi, kuma me yake so mai sauraron ya aikata bayan an tashi. Dillali a kasuwa ya san wannan tun da daɗewa. Yadda yake yi wa mai sayen atamfar biki bayani daban yake da yadda yake yi wa mai sari wanda zai kai kaya ƙauye, ko da kuwa turmin atamfar iri ɗaya ne. Ta farko tana tambayar kyau da ko tana zuba, na biyu kuwa yana tambayar ribar da zai samu a kan kowane turmi.

Haka abin yake a zauren taro. Ma'aikacin banki damuwarsa ita ce yadda kuɗi za su dawo da kuma lokacin dawowarsu, saboda haka yana son ya ga shige da ficen kuɗi na wata-wata da abin jingina. Mai zuba jari wanda zai shiga a dama da shi yana son ya ga girman kasuwa da yadda sana'ar za ta haɓaka. Jami'in hukuma ko na gidauniya kuwa yakan fi mayar da hankali ga yawan mutanen da za su sami aiki. Har a tsakanin bankuna ma akwai bambanci. Alal misali, bankin Jaiz da ya fara aiki a 2012 da rassa a Abuja da Kaduna da Kano ba ya mu'amala da kuɗin ruwa, ɗaya daga cikin hanyoyinsa ita ce ya sayi kayan da mutum ke bukata ya sayar masa da su da ƙayyadaddiyar riba. Wanda zai je can ya kamata ya shirya bayanin ainihin kayan da yake so a saya masa da farashinsu, domin a kansu za a yi magana.

4.4 Tsarin Jawabi

Bahaushe yana da al'adar shimfiɗa kafin ya faɗi buƙatarsa. Zai yi gaisuwa, ya tambayi iyali, ya kewaya, sannan a ƙarshe ya ce “dama abin da ya kawo ni”. Wannan ladabi ne mai kyau a zauren gida, amma a zaman da aka ba mutum minti 10 yana iya cinye rabin lokacin. Abin da ya fi dacewa shi ne a yi sallama da gaisuwa a gajarce, sannan a faɗi buƙata tun a minti na farko, domin masu sauraro su san ma'aunin da za su auna sauran maganar da shi.

Domin a fayyace wannan, bari a ƙirƙiri misali. A ɗauka cewa akwai ƙungiyar teloli 12 a Kakuri masu ɗinka kayan makaranta, suna neman naira miliyan 6 domin sayen kekunan ɗinki masu aiki da lantarki da kuma na'urar sola. Shugabansu zai iya buɗewa da cewa:

“Assalamu alaikum. Ranku ya daɗe, mu teloli 12 ne daga Kakuri. Mun zo neman naira miliyan 6, za mu biya cikin wata 18. Makarantu suna kawo mana aikin da ya fi ƙarfin kekunanmu, shi ya sa muke mayar da wani. Zan nuna muku aikin da muke mayarwa, da abin da za mu saya, da yadda za mu biya.”

Idan aka duba za a ga cewa cikin jimloli kaɗan ya faɗi su wane ne su, da nawa suke nema, da dalili, da kuma hanyar da jawabin zai bi. Daga nan sai ya bi abubuwan da ya yi alkawari ɗaya bayan ɗaya. Bayan su sai ya kawo haɗarin da ke cikin sana'ar da bakinsa, kamar tashin farashin yadi, ko kasancewar aikin kayan makaranta yana da lokaci, ya kuma faɗi tanadin da suka yi. Mai sayar da akuya da ya nuna aibinta da kansa ya fi samun amincewa a kan wanda aka gano aibin bayan an biya. A ƙarshe sai ya maimaita buƙatar da ya fara da ita, ya faɗi matakin da yake so a ɗauka, misali a turo jami'i ya ga shagonsu cikin mako.

Ya kamata a rubuta wannan tsari a takarda, a faɗe shi da baki har ya zauna, kafin a buɗe kwamfuta. Akwai darasi game da haka daga kamfanin Amazon na Amurka, inda a 2004 shugabansa Jeff Bezos ya hana amfani da shafukan majigi a tarukan manyan jami'ai, ya ce a riƙa rubuta bayani cikin cikakkun jimloli ana karantawa a farkon zama. Hujjarsa ita ce jerin gajerun kalmomi yana ɓoye raunin tunani, cikakkiyar jimla kuwa tana tilasta wa mai ita ya nuna yadda wannan batu ya haɗu da wancan.

4.5 Tsara Shafukan Majigi

4.5.1 Kanun Shafi

Kowane shafi ya ɗauki magana ɗaya tak, kuma a rubuta maganar a kanunsa cikin cikakkiyar jimla. Kanu irin “Ciniki” ko “Matsaloli” ba ya gaya wa kowa komai. Amma idan aka rubuta “Muna mayar da aiki 1 cikin kowane 3 saboda ƙarancin kekuna”, ko wanda hankalinsa ya tafi wani wuri ya dawo zai fahimci inda aka kwana. Hanyar gwada wannan ita ce a karanta kanun shafukan kaɗai daga na farko zuwa na ƙarshe. Idan suka ba da labarin gaba ɗaya, tsarin ya yi.

Muhimmancin kanu ya fito fili a hatsarin kumbon Columbia na Amurka, wanda ya tarwatse ranar 1 ga Fabrairu, 2003, ya hallaka mutum 7 da ke cikinsa. Wani ɓallin soso ne ya bugi fiffiken kumbon lokacin tashi. Yayin da kumbon ke sama, injiniyoyi sun gabatar wa manyan hukumar NASA bayani ta shafukan majigi. Kanun wani shafi ya yi kama da mai kwantar da hankali, alhali can ƙasa cikin ƙananan haruffa an rubuta cewa ɓallin ya kai inci 1,920 na murabba'in ciki, gwajin da aka dogara da shi kuwa an yi shi ne da mai inci 3, wato ya ninka shi sau 640. Masanin tsara alƙaluma Edward Tufte ya yi nazarin wannan shafi, kwamitin binciken hatsarin ma ya soki yadda hukumar ta dogara da shafukan majigi a maimakon cikakken rahoto. Darasin da ɗan kasuwa zai ɗauka shi ne, magana mafi nauyi ita ce ke hawa kanu.

4.5.2 Yawan Rubutu da Yawan Shafuka

Mutum ba ya iya karanta dogon rubutu yana kuma sauraron mai magana a lokaci guda. Masanin ilimin halayyar ɗan Adam Richard Mayer, wanda ya fitar da littafi a kan koyo ta hoto da murya a 2001, ya nuna cewa hoto tare da bayanin baki ya fi shiga kai a kan hoto da bayanin baki da kuma rubutun da ke maimaita bayanin. Saboda haka idan aka cika shafi da sakin layi, masu sauraro za su bar mai magana su koma karatu, kuma za su riga shi gamawa.

Game da adadi, wani mai zuba jari ɗan Amurka mai suna Guy Kawasaki ya ba da shawara a 2005 cewa kada shafuka su wuce 10, kada jawabi ya wuce minti 20, kada kuma girman haruffa ya gaza ma'auni 30. Ba doka ba ce, amma tana da amfani, musamman ta ƙarshen, domin manyan haruffa suna hana mutum cusa abin da bai zama dole ba, kuma dattijon da ke zaune a baya zai iya karantawa. Sauran bayanai masu yawa, irin su lissafin wata-wata da takardar rajista, wurinsu takarda ce da za a miƙa wa masu sauraro su tafi da ita.

4.5.3 Alƙaluma da Hotuna

Hausawa na cewa gani ya kori ji, kuma a nan ne majigi ya fi amfani. Tun a 1786 William Playfair na Sikotilan ya fara nuna alƙaluman ciniki ta zanen sanduna da zanen layi, har yau kuma su ne suka fi sauƙin fahimta. Zanen sanduna ya dace da kwatanta abubuwa, kamar yawan rigunan da keken ƙafa ke ɗinkawa a rana da na keken lantarki. Zanen layi ya dace da nuna sauyi cikin lokaci, kamar cinikin watanni 12. Zanen da'ira kuwa yana rikitarwa idan kashinsa ya yi yawa. Wajibi ne sanduna su fara daga sifiri, domin idan aka yanke gindinsu ƙaramin bambanci zai yi kama da babba, ma'aikacin banki da ya gano haka kuwa zai yi shakkar sauran alƙaluman duka.

Haka nan hoton shagon telolin na gaskiya, da tarin yadin da ke jiran ɗinki, ya fi hoton da aka ɗauko daga intanet na wasu Turawa sanye da kwat suna musafaha. Na farko shaida ne, na biyu kuwa ado ne kawai. Game da launi, baƙin rubutu a kan fari ya fi fitowa a zauren da hasken rana ke shiga ta taga. A kuma guji bambanta abu biyu da ja da kore kaɗai, domin akwai mutanen da idonsu ba ya rarrabe su.

4.5.4 Haruffa Masu Lanƙwasa

Wannan matsala ta keɓanta ga mai rubuta shafukansa da Hausa. Wasu salon haruffan kwamfuta ba su da ɓ da ɗ da ƙ, sai a ga ɗan akwati ya fito a gurbinsu, musamman idan aka buɗe aikin a kwamfutar da ba a shirya shi a cikinta ba. Wasu kuma kan yar da lanƙwasar gaba ɗaya domin gudun wahala, alhali tana bambanta ma'ana. A harkar saƙa da ɗinki “baƙin yadi” daban yake da “bakin yadi”, haka “ƙaya” da “kaya”, da “ƙira” da “kira”. Maganin wannan shi ne a zaɓi salon haruffan da ke ɗauke da su, a gwada tun a shafin farko, sannan a adana kwafi a tsarin PDF wanda ba ya sauya kama daga wata na'ura zuwa wata.

4.6 Zaɓen Harshe

Masana'antu sun tara ƙabilu da yawa a Kakuri. Ban da Hausawa da Gbagyi akwai mutanen kudancin Kaduna da na Binuwai da Filato, da Yarbawa da Ibo da sauransu. Hausa ita ce harshen da ya fi haɗa su a kasuwa, amma takardun banki da na hukuma da Ingilishi ake cika su. Wannan yakan sa mai sana'a ya tilasta wa kansa jawabi da Ingilishin da bai ƙware a ciki ba, sai ya koma karanta bango kalma bayan kalma saboda tsoron kuskure.

Mai wannan bincike ya halarci wani zaman horarwa a Kaduna ta Kudu inda matasa ke gwada gabatar da sana'o'insu. Wani matashi mai walda ya yi ta karanta shafukan da wani ya shirya masa da Ingilishi, ya juya wa jama'a baya, murya tana rawa. Da ɗaya daga cikin alƙalan ya tambaye shi da Hausa nawa yake kashewa a kan ƙofa guda, nan take ya juyo ya lissafa kuɗin ƙarfe da na waya da na man janareta ba tare da ya duba komai ba. Ilimin sana'ar yana kansa, harshe da shafukan aro ne suka tare shi.

Saboda haka shawarar da za a bayar ita ce a tambayi masu shirya zama tun da wuri ko an yarda a yi magana da Hausa. Idan an yarda, ana iya barin kanun shafuka da alƙaluma da Ingilishi domin wanda ba ya jin Hausa, a yi bayanin baki da Hausa. Idan kuwa dole ne a yi da Ingilishi, gajerun jimlolin da mutum ya shirya da kansa sun fi dogayen da aka rubuta masa. Kalmomin aro da suka riga suka zauna, irin su banki da kamfani da rasit da manaja, babu laifi a yi amfani da su. Karin magana ma yana da gurbi, amma guda ɗaya da ya faɗa daidai wurinsa ya isa.

4.7 Tsayuwa Gaban Jama'a

Mai bayani ya tsaya a gefen bango yana fuskantar jama'a, ya bar wa hannu ɗaya aikin nuni. A tarbiyyar Hausa yaro ba ya ƙura wa babba ido, amma sunkuyar da kai gaba ɗaya a irin wannan zama akan fassara shi da rashin tabbas. Matsakaicin hali shi ne a riƙa ɗaga kai ana duban ɓangarorin zauren bi da bi. Idan aka haska sabon zane, a yi shiru kaɗan domin ido ya gama aikinsa, sannan a faɗi abin da zanen ke nunawa.

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Ya kamata a yi gwajin jawabin da babbar murya, da agogo a hannu, a gaban wani wanda bai san sana'ar ba, sannan a tambaye shi abin da ya fahimta. Haka kuma duk wanda ya zauna a Kaduna ya san ana iya ɗauke wuta a tsakiyar magana. Rigakafin wannan shi ne a buga shafukan a takarda, a ajiye kwafi a waya, a kuma iya jawabin ko babu majigi. Idan da hali a zo da samfurin kaya, domin rigar makaranta da alƙali ya taɓa ya duba ɗinkinta ta fi kowane hoto.

Lokacin tambayoyi shi ne tamkar lokacin tayi a kasuwa, a nan ake gane wanda ya san kayansa. A saurari tambaya har ƙarshenta, a amsa ta kai tsaye. Idan ba a san amsar ba, a ce za a kawo ta a rana kaza, a kuma cika alkawari. Ƙirƙiro adadi nan take domin kauce wa kunya kuskure ne babba, domin masu ba da jari sukan bi diddigi.

4.8 Naɗewa

A wannan babi an ga yadda rufewar manyan masana'antun Kakuri ta mayar da jama'a da yawa ga ƙananan sana'o'in da ke bukatar neman jari ta hanyar bayani. An nuna cewa shiri yana farawa ne daga sanin mai sauraro da tsayar da buƙata guda, sannan a tsara jawabi, sai daga baya a zo ga shafuka. An kuma nuna cewa shafi nagari yana ɗauke da magana ɗaya a kanunsa, da shaida ɗaya a cikinsa, da haruffan da ake iya karantawa daga nesa. Yawancin waɗannan ƙa'idoji suna da takwarorinsu a cinikin gargajiya na Bahaushe, inda dillali ke sanin mai saye, ya nuna kaya, ya faɗi aibi, ya kuma tsaya a kan farashi. Abin da ya rage shi ne cibiyoyin koyar da sana'a da ƙungiyoyin masu sana'a na Kakuri su riƙa koyar da wannan dabara da Hausa, su kuma samar da daidaitattun kalmominta. Babi na biyar zai kawo taƙaitawar binciken gaba ɗaya da shawarwarin da suka fito daga cikinsa.